Garin Gyaran Gira: Sharhi Kan Gyaran da Ke Sa Motar Gudu Santsi Idan An Yi Ruwa

Mai karatu, akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakin masu motocin gudu, musamman waɗanda suka zuba kuɗi wajen yi wa motocinsu ƙarin gyara. Mutum zai ce maka motarsa a busasshiyar kwalta kamar an liƙa ta da gam, ko wace irin kwana ce shanye ta take yi. Amma da an yi ruwa sai ta koma kamar tana tafiya a kan miyar kuɓewa. Ya ɗan taɓa totur, baya ya kwashe. Ya taka birki, ta wuce inda ya so ta tsaya. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce kamfanin taya ne, wani ya ce masu yin hanya ne, wani kuma ya ce ai dama haka aka ƙera motar. Shawarar da aka fi ba shi kuwa ita ce ya ƙara faɗin taya, ko ya sayi wadda ta fi ta yanzu tsada.

Wannan shawara, da tunanin da ya haife ta, su nake son mu ɗora a sikeli yau. Ra'ayina tun daga farko shi ne, mafi yawan lokuta motar ba ta lalace ba. Abin da aka gyara ta don ta yi, shi take yi. An ɗinka mata rigar rani ne, sannan aka fita da ita cikin damina.

Motar da za mu yi misali da ita

Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, bari mu ɗauki mota ɗaya. A shekarar 2012 kamfanonin Toyota da Subaru na ƙasar Japan suka fitar da wata ƙaramar motar wasa da suka ƙera tare. Toyota na kiranta 86 ko GT86, Subaru na kiranta BRZ, a Amurka kuma an sayar da ita da sunan Scion FR-S. Injinta mai lita 2 ne, ƙarfinsa kusan na doki 200, nauyinta wajen kilo 1,250, kuma tayoyin baya ne ke tura ta.

Abin da ya ja surutu a kanta shi ne tayar da aka sa mata. Babban injiniyan aikin, Tetsuya Tada, da mutanensa sun zaɓi Michelin Primacy HP mai faɗin milimita 215, irin wadda ake sa wa wasu samfuran Toyota Prius, motar da aka sani da tattalin mai. Da gangan suka yi haka. Sun so motar ta riƙa zamewa a hankali, a gudun da bai kai na halaka ba, ta yadda direba zai ji zamiyar tun tana farawa, ya gyara.

Masu saye da yawa a Japan da Amurka da Birtaniya da Ostireliya ba su gamsu ba. Sai wani tsarin gyara ya yaɗu a tsakaninsu, har ya zama kamar karatun da kowa ya haddace. A cire tayar kamfani a sa mai faɗin 245 ko 265, irin wadda ake kira semi-silik, wato mai ɗan zane kaɗan, kusan sulɓiya, da aka yi don filin tsere amma doka ta yarda ta hau titi. A rage tsayin motar, a sa mata sifirin da shokozoba masu tauri. A karkatar da saman tayoyin zuwa ciki, abin da makanikai ke kira kamba. A ƙara wa injin turbo. A ƙarshe, a kashe na'urar da ke hana mota zamewa, wai tana takura direba.

Inda masu gyaran suka yi gaskiya

Adalci ya sa in fara da wannan. A filin tsere, rana tana dukan kwalta, kowane ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan yana aiki. Semi-silik tana riƙe busasshiyar kwalta fiye da tayar kamfani nesa ba kusa ba. Tauri yana rage rinjayar jikin mota a kwana. Kamba tana sa tayar waje ta kwanta sosai a ƙasa lokacin da nauyi ya koma kanta. Agogon auna lokaci yana tabbatar da duk wannan, kuma agogo ba ya ƙarya.

Kuskuren yana cikin tsallen da ake yi daga nan. An ɗauka cewa riƙo wani abu ne guda ɗaya, kamar mai a tanki, idan ka ƙara shi ka ƙara shi a ko'ina. Alhali abin da ke riƙe taya a busasshen titi daban, abin da ke riƙe ta a jiƙaƙƙe daban, kuma sau da yawa idan ka ƙara ɗaya, ɗayan kake ragewa.

Yadda roba ke riƙe kwalta

Duk girman mota, wurin da take taɓa ƙasa guda huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannunka ba. Ga lissafin. Raba kilo 1,250 gida huɗu, kowace taya na ɗauke da kusan kilo 310. Iskar da kamfanin ya ce a sa ita ce 35 a gejin mai faci, wato psi 35. Idan ka raba nauyin da matsin iskar, za ka samu fili mai kusan murabba'in santimita 130. Ranka da na duk wanda ka ɗauka a kan wannan ɗan fili yake.

A cikin filin nan roba na riƙe titi ta hanya biyu. Ta farko ita ce mannewa: ƙwayoyin robar suna ƙulla wata 'yar alaƙa da saman kwaltar, su sake, su sake ƙullawa, cikin ƙiftawar ido. Ta biyu ita ce lotsawa: ƙananan duwatsun da ke jikin kwalta suna dannuwa cikin robar, ita kuma ba ta komawa siffarta nan take, sai ta ɗan yi jinkiri. Wannan jinkiri yana cinye wani ɓangare na ƙarfin motsi, shi ne kake ji a matsayin riƙo.

To, da ruwa ya shiga tsakani, mannewa ta tafi, don roba ba ta manne wa abin da ba ta taɓa ba. Lotsawa ce ta rage, ita ma sai idan tsinin duwatsun ya huda fatar ruwan. Ke nan a titin da ya jiƙe, taya tana da aiki biyu a jere: ta fara korar ruwa, sannan ta yi riƙo. Idan aikin farko ya gagara, na biyun ba zai ma fara ba.

Kuma lokacin da take da shi kaɗan ne ƙwarai. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota na shafe kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Idan tsawon filin da taya ke taɓa ƙasa santimita 10 ne, kowane ɓangaren roba zai zauna a ƙasa ƙasa da kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci zai kori ruwa, ya huda abin da ya saura, ya riƙe.

Faɗin taya: maganin da ya zama cuta

Ka ɗauka ruwa ya kwanta a titi, zurfinsa milimita 3 kacal. Tayar milimita 215 a gudun kilomita 100 za ta ci karo da kusan lita 18 na ruwa kowace daƙiƙa. Mai faɗin 265 za ta ci karo da kusan lita 22, ya fi jarka guda ta lita 20. Lissafi ne mai sauƙi: faɗi sau zurfi sau gudu. Ka faɗaɗa taya, ka ƙara mata ruwan da za ta kora.

Akwai abu na biyu da ba a cika lura da shi ba. Nauyin motar bai canza ba, iskar tayar ma haka, don haka girman filin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru da yawa ba. Siffarsa ce ta canza, ya ƙara faɗi, ya rage tsawo. Raguwar tsawo na nufin raguwar lokacin korar ruwa, ƙaruwar faɗi kuma na nufin ruwan da ke tsakiya sai ya yi doguwar tafiya kafin ya fita ta gefe. Aiki ya ƙaru, lokaci ya ragu.

Idan ruwan ya rasa mafita sai ya taru a gaban taya kamar weji, ya fara ɗaga ta. Matsin da ruwa ke yi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. A kilomita 60 cikin awa kusan psi 20 ne, a 80 ya kai 36, a 100 ya kai 56. Da zarar turin ruwan ya rinjayi danniyar tayar, sai ta rabu da kwalta gaba ɗaya ta hau kan ruwa. A wannan hali sitiyari ya zama ado, birki ma haka.

Wanda ya fara fitar da ƙa'idar wannan hawan ruwa a fili shi ne Walter Horne, injiniya a cibiyar Langley ta hukumar NASA, a wani rahoto na 1963 kan tayoyin jiragen sama. Ya nuna cewa idan ruwa ya fi ƙarfin zanen taya, gudun da za ta hau ruwa ya dogara da matsin iskar cikinta. A ma'aunin kilomita, ka nemo tushen murabba'in matsin, ka ninka shi da kusan 16.7. Taya mai psi 35 za ta hau ruwa a wajen kilomita 99 cikin awa. Mai psi 26, irin wadda masu zuwa filin tsere ke sacewa don ta yi zafi ta cika daga baya, za ta hau a wajen 85. Mutum ya taso daga fili ya manta bai ƙara iska ba, ga hadari ya haɗo. Daga baya, a shekarun 1980, Horne da abokan aikinsa sun duba tayoyin manyan motoci suka ga siffar filin ma na da tasiri: gajere mai faɗi ya fi saurin hawa ruwa. Kuma ka tuna, waɗannan alƙaluma na cikakken hawa ne. Riƙo ya fara raguwa tun kafin a kai nan.

Zane da sinadarin roba

Zanen taya magudanar ruwa ne. Sabuwar tayar titi tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. Semi-silik tana zuwa da wajen 5, ramukan nata kaɗan ne, kuma robarta mai laushi ce mai saurin cinyewa. Bayan 'yan ranakun tsere sai ka ga ta kusa milimita 1.6, wanda shi ne iyakar da dokar Birtaniya da Tarayyar Turai ta yarda da shi. Faffaɗar taya mai ƙaramar magudana kamar unguwa ce da aka ƙara mata gidaje aka toshe kwatocinta.

Sai maganar zafi. An haɗa robar semi-silik ne don ta yi aiki a zafin kusan digiri 70 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyos. Ruwan sama kuwa sanyaya ta yake yi ba ƙaƙƙautawa. Idan ta huce sai ta yi tauri, duwatsun kwalta su kasa lotsa ta yadda ya kamata, wato hanyar riƙo ɗaya da ta rage ita ma ta raunana. Tayoyin titi masu kyau an cuɗa robarsu da sinadarin silika, wanda Michelin ya yaɗa amfani da shi tun farkon shekarun 1990, kuma yana taimaka wa roba ta riƙe jiƙaƙƙen titi ko da ba ta yi zafi ba.

A nan ma sai in yi adalci. Idan titi danshi kawai ya yi, babu ruwa kwance, garin kuma da ɗumi, sabuwar semi-silik tana iya riƙo mai kyau. Wannan ne ma ke yaudarar mutane. Direba ya yi tafiyar minti goma cikin yayyafi lafiya lau, ya saki jiki, sai ya tarar da inda ruwa ya taru a wani kwari ko a sawun da manyan motoci suka lotsa. Tayar titi za ta ɗan yi sauƙi a hannu ta gargaɗe shi. Semi-silik sau da yawa sakin lokaci ɗaya take yi.

Kamba da tauri

Kamba tana amfani ne idan mota ta shiga kwana da ƙarfi har jikinta ya rinjaya, tayar waje ta kwanta daidai. A cikin ruwa ba za ka iya shiga kwana da wannan ƙarfin ba, don haka jikin ba zai rinjaya sosai ba, tayar kuma za ta zauna a kan gefenta na ciki. A miƙaƙƙiyar hanya ma haka take, shi ya sa birki ke raguwa. Mafi muni, gefen ciki ne ke fara suɗewa, wurin da ido ba ya gani. Mutum ya leƙa tayarsa daga waje ya ga zane raɗau, bai san can ciki ta zama faranti ba.

Taurin sifirin da shokozoba kuma yana da nasa farashin. Aikin ƙafar mota shi ne ta ajiye taya a ƙasa da danniya madaidaiciya duk da rashin daidaiton hanya. Idan ta yi tauri fiye da kima, duk ɗan tudu sai tayar ta dannu da ƙarfi, sannan ta yi sako-sako. Roba kuwa ba ta biyan ƙarin nauyi da ƙarin riƙo daidai-wa-daida, abin da ka rasa lokacin da ta yi sako-sako ya fi abin da ka samu lokacin da ta dannu. Kuma lokacin sako-sakon shi ne ruwa ke samun ƙofar shiga. Mota mai tauri tana kuma juya nauyinta daga gefe zuwa gefe da sauri, ta yadda tazarar da ke tsakanin "ina riƙe" da "na saki" take gajarta. Shi ya sa a gasar tsere, idan injiniyoyi suka tabbatar za a yi ruwa kuma doka ta ba su dama, sassauta ƙafar mota suke yi su rage kamba. Mai gyaran titi ya kwaikwayi rabin karatun masu tsere ya bar rabin.

Turbo da da'irar riƙo

Riƙon kowace taya kamar albashi ne, adadinsa ƙayyadadde. Da shi za ka tura mota gaba, da shi za ka yi birki, da shi za ka yi kwana. Injiniyoyi na kiran wannan da'irar Kamm, daga sunan Wunibald Kamm, injiniya Bajamushe. Lissafin irin na Faisagoras ne da aka koya mana a sakandare. Idan iyakar riƙo 100 ce, ka kashe 80 wajen tura mota, 60 za ta rage maka ta kwana. Idan ruwa ya sauko da iyakar zuwa 60, ka kashe 50 a totur, saura 33. Ka kashe 60, babu abin da ya rage, kuma a motar da baya ke turawa, bayan ne zai zagayo ya wuce gaba.

Tayoyin bayan 86 na ɗauke da ƙasa da rabin nauyinta, kusan kilo 590. Turbo bai ƙara ko kilo ɗaya na riƙo a kansu ba, ƙarfin da ke neman kashe albashin ya ƙara. Ga shi kuma ƙarfin turbo ba a hankali yake zuwa ba, yakan ɗan yi jinkiri sannan ya zo a dunƙule, wataƙila daidai lokacin da kake tsakiyar kwana. Sannan motar na da na'urar Torsen a tsakanin tayoyin baya, wadda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai. A busasshen titi wannan alheri ne. A cikin ruwa, idan ƙarfi ya yi yawa, duka biyun ne za su saki tare.

A nan ne kashe na'urar hana zamiya, wadda Toyota ke kira VSC, ya zama ganganci. Na'urar tana lura da inda sitiyari ya nufa da inda mota ta nufa, idan suka saɓa sai ta rage ƙarfin inji ta taka wa taya ɗaya birki. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwambar 2014. Amma kada ka ɗauke ta laya. Ba ta ƙirƙirar riƙo, wanda ke akwai take rarrabawa. Idan tayoyi sun hau ruwa, ita ma 'yar kallo ce.

Lambobin da ke jikin taya

Ba masu gyara kaɗai ke da laifi ba. Yadda ake tallan taya da yadda ake auna ta suna taimaka wa ruɗanin. Kalmar "doka ta yarda ta hau titi" tana nufin tayar ta cika mafi ƙarancin sharaɗi, amma mai saye yana jin ta kamar an ce ta dace da titi.

A Amurka ana buga wa taya darajar riƙo a jikinta: AA, A, B ko C. Gwajin shi ne a ja tirela a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da kankare a gudun mil 40, wato kusan kilomita 64 cikin awa, a kulle tayar a auna jan da take yi. Ba ya auna kwana, ba ya auna hawan ruwa. Taya na iya samun AA kuma ta hau ruwa da wuri.

Takardar Tarayyar Turai, da aka fara liƙawa a Nuwambar 2012, ta fi wannan amfani. Tana auna birki daga kilomita 80 cikin awa a jiƙaƙƙen titi, kuma tsakanin mafi kyau da mafi muni ana iya samun bambancin kusan mita 18, tsawon motoci huɗu ke nan. Sai dai ruwan gwajin siriri ne, bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, tayar kuma sabuwa ce fil. Sai a Yulin 2024 aka fara tilasta gwada sababbin samfuran taya bayan an cinye zanensu. Ina ganin wannan gyara ya makara, don babu wanda ke yawo da sabuwar taya kullum.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da Toyota da kanta ta yi. Da ta fitar da ƙarni na biyu na motar, GR86, a 2021, ta ƙara girman injin zuwa lita 2.4. A samfurin da ya fi tsada ta sa Michelin Pilot Sport 4, tayar titi mai kyakkyawan riƙo a ruwa. Faɗin kuwa ta bar shi a 215. Ta amince da masu sukar cewa robar farko na da rauni, ta ƙi bin su a kan faɗi.

Darasi daga Nürburgring

A watan Yulin 2007 an yi gasar Formula 1 a filin Nürburgring na Jamus. Markus Winkelhock, wanda ranar ce tserensa na farko a gasar, yana tuƙa motar Spyker, kuma shi ne na ƙarshe a gwajin share fage. Ana gab da tashi, mutanensa suka dubi hadari suka kira shi suka sa masa tayoyin ruwa. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Motoci suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya a kwanar farko, har da na Lewis Hamilton da Jenson Button. Mota mafi rauni a filin ta koma kan gaba da tazara mai yawa kafin a dakatar da tseren. Daga baya ta lalace bai ƙarasa ba, amma darasin ya zauna. Ƙwarewar direba da ƙarfin inji ba su da ta cewa idan roba ba ta taɓa ƙasa.

Abin da ya kamata a yi

Idan motarka ce ta shiga wannan hali, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, ka mayar da ita yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka duba gefen ciki na taya, ka auna zanen a wuri uku. Ƙasa da milimita 3, kada ka amince da ita a ruwa, ko da doka ba ta hana ba tukuna. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba tana ƙanƙamewa ko da zanenta na nan.

Bayan haka a je a duba saitin ƙafa, a rage kamba, a sassauta shokozoba idan masu saituwa ne. Wanda ke zuwa filin tsere da gaske, ya ajiye wili kashi biyu, na fili da na titi. Idan taya biyu kawai za ka iya saya, sababbin su tafi baya. A bar VSC a kunne. Idan kuma ka ji sitiyari ya yi sakayau a cikin ruwa, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe shi a miƙe, kada ka fizgi birki, ka jira tayoyin su sauko.

Kada ka ce wannan matsalar masu 86 ce a Japan ko Ingila. Duk wanda ya cire wilin kamfani ya sa faffaɗa don kwalliya, ya ɗora masa tayar gwanjo da ta sha shekaru, ya shiga sahu, ko da motar Corolla ce. Mu sanyin da ke taurara roba bai cika damun mu ba, amma muna da ruwa mai sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, da hanyoyin da magudanansu suka toshe. Muna kuma da ruwan farko, wanda ke zuwa bayan watanni ana tara ƙurar hunturu da ɗigon baƙin mai a kan kwalta, ya dama su su zama yauƙi. Ka yi lissafi: daga gudun kilomita 100, idan ma'aunin riƙo 0.9 ne, mota na buƙatar kusan mita 44 ta tsaya bayan an taka birki. Idan ya sauko 0.5, sai kusan mita 79. A cikin mita 35 ɗin da suka ƙaru akwai mai Keke Napep, akwai yaro ɗan makaranta da ke tsallaka titi da gudu don kada ya jiƙe.

Ba na adawa da gyaran mota, kuma ban ga laifin wanda ke son motarsa ta fi yadda aka ƙera ta ba. Abin da nake suka shi ne a auna gyara da agogon rana ɗaya ta rani, a kira shi ci gaba, a manta cewa motar za ta kwana a gida ta fita aiki ranar da aka tashi da hadari. Kowane gyara ciniki ne, ka karɓi wani abu ka bayar da wani. Kafin ka biya makanike, tambaye shi me za ka bayar. Idan ya ce babu, to shi ma bai sani ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Damina na tafe, a duba taya tun yanzu. Allah Ya kai mu gida lafiya.